Matakalar Gidan Doña Otilia

Doña Otilia ba ita ta zaɓi gidan ba. Surukinta ne ya sa shahararren mai zanen gine-ginen nan, wanda duk unguwarmu ta Pedregal ke kira Maestro, ya dasa masa shi a kan baƙin dutse tun kafin ta auri ɗansa Crisóforo. Ta tarar da doguwar katanga ruwan hoda, da taga mai gilashi ruwan ɗorawa, da matakalar katako da ta tsiro daga jikin bango, babu abin dafawa ko ɗaya.

Ni maƙwabciyarta ce. Ni na riƙe ɗanta na fari ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna comadre. A gidan nan ta raini 'ya'ya uku, tana shanya a saman bene, tana gasa barkono har hayaƙi ya ishe mu.

"Comadre, gidan kirki ne a gina shi ba ma'ajiyar tsintsiya?" haka take yawan cewa, mu yi ta dariya.

Da Maestro ya mutu sai sunansa ya ƙara tashi. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Japan da Jamus suna tsayawa a ƙofa da kyamara. Aka sa gidan cikin gine-ginen tarihi, har Crisóforo ya yi liyafa.

Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Otilia ta kira maƙeri ya kafa ƙarfen dafawa a gefen matakalar don mijinta ya riƙa hawa ɗakinsa. Wani baƙo ya ɗauki hoton, jarida ta buga, sai ga wani matashi mai tabarau daga kwamitin kula da gidajen tarihi.

"Señora, ki yi haƙuri, a cire ƙarfen nan. Gidan ba naki ba ne ke kaɗai, na ƙasa ne."

"To ƙasar ta zo ta goya min shi zuwa sama mana, ɗan nan."

Bai ɗaga murya ba, har kofi ya sha. Amma an cire ƙarfen, an toshe ramukan ƙusa. Aka mayar da Crisóforo ɗan ɗakin bayan kicin, wanda ba shi da taga. Bai sake ganin saman gidansa ba har ya cika.

'Ya'yan suna can birnin Monterrey da iyalansu, ba mai iya gyaran rufin da ke yoyo. Suka yarda kwamitin ya karɓi gyara, shi kuma ya riƙa shigo da masu kallo. Aka kwashe kujerunta da hotunan jikoki, aka hana shanya. Ita ma gwiwa ta kama ta, ta koma ɗakin da mijinta ya mutu. Na ce ta dawo wurina, ta ce, "Wa zai ba tsuntsayen tsakar gida ruwa?"

Yanzu mantuwa ta fara taɓa ta. Makon jiya ta fito falo da rigar barci ana tsakiyar zagayawa da baƙi, ta tsaya tana kallon hasken da ke zuba a bango. Wata sabuwar mai rakiyar baƙi ta matso.

"Iya, ina tikitinki?"

Otilia ta laluba aljihu, ba ta sami komai ba. Ta ba yarinyar haƙuri, ta fice titi. A bakin shagon burodi na tsince ta, ba takalmi a ƙafarta.