Turakun Bayan Gidan Dakta Maitama

Ranar Talata, tara ga Satumban 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Maitama Gembu a wani asibiti kusa da gidansa na garin Bowie, a nan ƙasar waje, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. Na Allah muke, kuma gare Shi komawar take. An yi masa sutura washegari. Ya bar matarsa Hajiya Hasiya, da 'ya'yansa Radiyya da Fatihu, da wani fili na ciyawa a bayan gida wanda har yau ba mu san makomarsa ba.

Dakta, sana'arka ciyawa ce, kuma mun sha yi maka dariya a kan haka. A cikin jama'armu akwai likitoci da injiniyoyi da masu harkar banki, sai kai kaɗai da ka tsallako teku don karatun abin da akuya ke ci kyauta. Ba ka taɓa jin haushi ba. A kan tsaunin Mambilla aka haife ka, inda yaro ke sanin ciyawa da sunanta kafin ya san baƙi. Ka ga makiyayar ƙuruciyarka tana sauya kama: damina tana latti, sanyi yana raguwa, ciyawar da shanu ke so tana ja da baya zuwa can ƙololuwa. Da ka zo nan ka tarar da irin wannan ciwo a filayen kan duwatsun Virginia, sai ka zauna a kansa har ƙarshen ranka.

Ni maƙwabcinka ne, ba abokin aikinka ba, don haka alherinka na fi sani. Bayan motarka ba ya rabuwa da rigunan sanyi na hawan dutse. Duk ɗalibin da ya sauka daga gida cikin hunturu da 'yar shadda a jikinsa, da ɗaya daga cikinsu yake fara rayuwa a ƙasar nan, kuma ban taɓa jin ka nemi a dawo maka da ita ba. Lokacin da labarin wani rikicin manoma da makiyaya ya iso mu daga gida har gaisuwa ta yi tsami tsakanin wasunmu, kai da amininka Dalyop, mutumin Filato, kuka tara mu a falonka. Ba ka yi wa'azi ba. Ka yi mana bayanin yadda makiyaya ke ƙanƙancewa, da yadda ƙunar daji a kan kari take gyara fili, a makare kuma ta kashe shi. Mun tashi ba mu yarda da juna duka ba, amma mun ci abinci a kwano ɗaya.

Filin bayan gidanka shi ne babban aikinka. Ka ɗebo irin wata ciyawa, 'yar'uwar gambar gida, daga wurare daban-daban na duwatsun, wani daga gindi, wani daga tsakiya, wani daga sama. Ka shuka su a Bowie, inda zafi ya fi na can, don ka ga wadda za ta jure yanayin da ke tafe wa tsaunukan. Kowane tushe da turken katako a gefensa mai nuna inda aka ɗebo shi. Shekaru ka yi kana kallon wasu suna mutuwa, wasu suna tsayawa. Bana ne waɗanda suka rage suka fitar da kai sosai, kana jiran irin ya nuna a watan Oktoba a mayar da shi kan dutse. Ga idon mai wucewa kuwa, gida ne da maigidansa ya yi sakaci.

Abin da ya faru ranar sadakar uku sai an faɗe shi, kuma ba don a zargi kowa ba. A al'adarmu ba a karɓar masu gaisuwa a gida mai duhuwa. Wasu 'yan'uwa daga garin Laurel da ke kusa, mutanen kirki waɗanda suka baro aikinsu don su taimaka, suka iso da sassafe da rumfuna da kujeru da injin yankan ciyawa. Hajiya tana ciki tare da mata. Suka duba bayan gida suka ga abin kunya ga marigayi. Suka tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya don kada su lalata bakin injin, suka jera su a jikin katanga tsaf, sannan suka aske filin ƙwal. Sun yi aikin da zuciya ɗaya, har da shara.

Da Hajiya ta fito ta gani, ta daɗe a tsaye. Babbansu, Alhaji Kamal, ya matso yana goge gumi.

"Hajiya, mun ɗan gyara wurin. Allah Ya jiƙan Dakta."

"Amin. Sannunku da aiki, Alhaji," in ji ta. "Ciyawar da kuka tara, kada a zubar."

Ta koma ciki. Da yamma aka baza kan ciyawar a kan zannuwanta cikin gareji ko wani abu zai nuna. Wata abokiyar aikin Dakta da ta zo gaisuwa ta duba ta ce irin bana ya yi ɗanye, amma saiwar tana nan da rai, za ta tofo idan sanyi ya wuce. Matsalar turakun ce. Dakta ya sha sauya wa tushen wuri, taswirar da ke ofishinsa tsohuwa ce, tsarin ƙarshe a kansa yake. In ba a san wane tushe ne na sama wane ne na gindi ba, abin da zai tsiro ciyawa ce kawai. Na ji zafin wannan fiye da yadda na zata, ni da na fi kowa tsokanarka a kanta, Dakta.

Don haka iyalin suna da roƙo guda. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a bayan gidan a 'yan shekarun nan, ranar Sallah ko suna ko walima, ya duba wayarsa ya tura wa Radiyya. Ba fuskokinmu ake nema ba, abin da ke bayanmu ake nema. Turke ɗaya da rubutunsa ya fito zai iya komawa mazauninsa.

Allah Ya jiƙanka, Dakta, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa abin da ka shuka ya zame maka sadaka mai gudana. Muna miƙa ta'aziyya ga Hajiya Hasiya, da Radiyya da Fatihu, da dangi a Gembu, da Dalyop. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba Alhaji Kamal da mutanensa ladan niyyarsu. Tun ranar da ya gane abin da ya faru, Alhajin ke bin gidajen jama'a yana tambayar hoto. Zuwa jiya turke uku sun koma ƙasa, sauran suna jingine a katanga.