Ɗigo Biyu Kafaɗa da Kafaɗa

Mai gyaran famfo yana durƙushe ƙarƙashin mawankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, amma idonsa na kan matar da ke aiki a teburin gefe. Siririya ce, fuska a murtuke, tabon ƙuna ya cinye bayan hannunta na hagu. Ko sallamarsa ba ta amsa ba. A ransa ya ce wannan ko mijinta sai ya yi gyaran murya kafin ya shiga gida.

Gabanta dogon bututun gilashi ne cike da farin gari. Maganin tarin da ta zuba daga sama yana gangarowa, yana rabuwa launi-launi, tana tare kowanne daban. Kallon bututun take kamar mai tuhumar ɓarawo.

Ta ɗiga launin ƙarshen a kan ɗan farin allo, ta ɗiga wata sananniyar guba a gefensa, ta tsoma gindin allon cikin ruwan gwaji. Ɗigon biyun suna hawa, suna hawa, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, alamar gubar ce a cikin maganin.

Ta matse 'yar kwalbar da ke hannunta har ta tarwatse. Jini na bin yatsunta.

"Subhanallahi! Malama, hannunki!"

"Rabu da hannuna! Yara huɗu maganin nan ya kai kabari. Tsinannu!"

Sai yanzu ya dubi takardar jikin maganin. Irinsa ya ba autarsa cokali biyu da safe. Ya watsar da sifana, ya bar famfo na zuba, ya banke ƙofa ya nufi gida a guje.