Baba ya sayi taraktarsa sau biyu

Jiya da la'asar sai ga mota ta janyo wata tsohuwar tarakta har ƙofar gidanmu a Nassarawo. Duk ta yi tsatsa, tayoyi sun kwanta, inji ma an cire. Na fito ina ta dariya abina.

Dada, mamanmu, ita ta fara ganewa. Ta kalli waldar da ke jikin kujerar, kawai sai ta zauna a ƙasa.

Jama'a, ashe tamu ce. Da ita babban yayana Hamma Buba ya fita gona ranar da 'yan ta'adda suka shigo garinmu. Mu muka gudo Jimeta, shi kuwa har yau babu labarinsa.

Baba ya ce wajen masu sayen tsohon ƙarfe ya gan ta, suna shirin yanka ta.

Na ce, "Baba, ba gona, ba inji. Me za mu yi da ita?"

Ya ce, "Na tambayi mai ita ko an ga wani a inda aka samo ta. Ya ce shi ma saya ya yi, bai sani ba."

"Shi ne ka saya?"

"Mamana, ita kaɗai ta dawo. Sai in bari su yanka ta?"

Yau da safe na gan shi yana goge sitiyarin da hularsa. Dada kuwa ta ce ba za ta ƙara leƙa ƙofar gida ba.

Wallahi na rasa wa zan ba haƙuri a cikinsu. Ku da naku ya ɓata, ba gawa ba kabari, don Allah yaya kuke yi?