Taswirar Harira

Harira 'yar yayana Isiyaku ce, ni na yi mata wankan farko a ɗakin hayarsu na Hayin Banki. Tun tana ƙarama ga ta da tambayar tsiya. Ina ruwan kwata yake zuwa? Me ya sa unguwar can ke da kwalta, tamu babu? Har sai na ce, "Ke, ƙyale ni in ji da tuwona!"

Da ta gama sakandare sai ta shiga karatun share fagen jami'a, ta ɗauki labarin ƙasa. Kullum tana duƙe kan wata taswirar Kaduna mai layuka a murɗe kamar taliya. Wai layukan ne ke nuna inda yake tudu da inda yake kwari. Na ce Allah ya ba da sa'a, ni dai gwiwata ke gaya mini.

A shekarar ne Yaya Isiyaku ya samu fili a gangaren Malali, wajen kogi, bayan shekara ashirin da biyu yana jan tifa yana zaman haya. Da rani ya kai mu gani, wuri a bushe ƙayau. Yaya kuwa ɗan manoma ne daga Bakori. Ya duƙa ya damƙi ƙasar, baƙa wuluk mai laushi, ya murza, ya ce, "Kun ga ƙasa! Ko tsinke aka dasa a nan sai ya yi ganye."

Sai da aka koma gida Harira ta shimfiɗa masa taswira.

"Baba, ƙasar nan kogi ne ya kawo ta. Ruwa ya sha kwanciya a wurin, kuma zai dawo."

"Mutum nawa suka yi gini a can? Duk ba su da hankali sai ke?"

"Don Allah, Baba, ka bari damina ta yi nisa mu koma mu duba."

"Kafin nan wani ya ɗauke."

Ta zo wurina tana kuka. Wallahi ina jin kunyar faɗa, amma ni ma bayan Yaya na bi, na ce yarinya ba ta koya wa uba sayen fili. Ta kai wa malaminta maganar, ya ce gaskiyarta, amma shi ba ya shiga tsakanin uba da 'ya. Iyakar abin da ta samu, Yaya ya ƙara layi biyu na bulo a fandisho don ta yi shiru.

Aka gama gini suka tare, daminar farko lafiya lau. Yaya ya riƙa tsokanarta, "Malama, ina kogin naki?" Ta ci jarrabawarta, tana jiran jami'a.

Damina ta biyu ce ta zo da kogin, cikin Satumba, ranar wata Juma'a da hantsi. Ko ɗigo ba a yi a garin ba, can wajen mafarin kogi aka yi ruwan. Kafin a sauko daga masallaci ruwa ya kai tagar gidan. Innalillahi! Muna tsaye a bakin titi da katifa ɗaya da tukwane, muna kallo katangar baya ta zube.

Yaya bai dubi kowa ba, ya ce, "Harira, ɗauko takardar nan taki. Nuna mini inda ruwa ba ya zuwa."

Ta shimfiɗa a kan katifar, ta ɗora yatsa.

"Nan unguwar manya ce," in ji shi. "Ni na kai musu yashi. Sai ina?"

Ta matsa da yatsan gaba.

"Nan ma haka. Ko maigadi ba zai bar ni in tsaya ba. Sai ina?"

Yatsan bai ƙara motsi ba. Ni dai hawaye kawai nake.

"To ruwan zai janye?" in ji Yaya.

"Zai janye, Baba."

"Ya kuma dawo?"

"Zai dawo."

Bayan kwana tara ruwa ya janye. Harira ce ta fara shiga gidan da tsintsiya.