Irin Geron da Ya Ga Teku

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da na kai Sarkin Noman Tsamaye bakin teku. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, labarin fari kuke ji a bakin iyayenku. Mu a cikinsa muka yi aiki. A shekarun nan hadari kan taso daga gabas, ya yi baƙi, mutane su fito suna kallonsa, sai iska ta kwashe shi ta wuce. Aka yi shuka ta bushe, aka sake ta bushe. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi.

A lokacin ina ƙaramin malamin gona a ofishinmu na Isa, ƙarƙashin babban jami'in gona na yanki. Aka aiko cewa hatsin agaji ya iso Ikko ta jirgin ruwa. Ƙa'idar ita ce kowane yanki ya tura ma'aikaci ɗaya da wakilin manoma ɗaya, su tsaya a yi lodi a gabansu, a ɗaure tamfol, sannan su biyo motocin har gida, don kada a ce kaya sun rage a hanya. Ni aka zaɓa saboda kafin aikin gwamnati na yi fatauci a Kwatano da Lome, ina jin Yarbanci da Faransanci da Turanci. Manoma kuma suka zaɓi Sarkin Noma Bawa, tsoho dogo mai tsagen Gobirci, wanda bai taɓa wuce Gusau ba.

Maigidana ya kira ni ofis ya ce, "Ka san Kurmi, ka san bakinsu. Ka kai tsohon nan, ka maido mini shi yadda ka ɗauke shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za ni yi bakin ƙoƙarina."

A Ƙaura muka hau jirgin ƙasa. Tun a hanya na lura tsohon ba ya raba hannunsa da ƙirjinsa, ko yana barci. Na zaci laya ce. Sai da muka ƙetare Kwara ya zaro wata 'yar jakar fata da ya rataya da igiya a ƙarƙashin riga, ya kwance bakinta ya nuna mini. Gero ne, bai kai tiya ba, ƙananan ƙwaya masu duhu.

"Irin kakana ne, Malam," in ji shi. "Mai saurin nuna. Shi kaɗai ya rage duk Tsamaye. In na bar shi gida, jikoki na kuka, uwarsu daka shi za ta yi, kuma ba ni ganin laifinta. Shi ya sa na taho da shi."

Muka iske Ikko cikin tsakiyar damina. A tashar jiragen ruwa aka gaya mana ba a buɗe cikin jirgi ana ruwa, don kada hatsi ya jiƙe ya ruɓe, sai mu jira sararawa. Wato ruwan da muka rasa a gida shi ya tsare mana abinci a nan. Muka yi kwanaki muna zaune a masauki muna kallon indararo. Wata safiya tsohon ya ce shi dai a kai shi ya ga bahar ɗin nan da ake faɗi.

Na san halin bakin teku, kuma kusan ɗaya ne ko'ina na je. Da rani Turawa da masu hali ke cika wurin, masu neman na abinci kowa ya samu rabonsa. Da damina baƙi kan ɗauke ƙafa, sai a bar mayunwatan 'yan damfara suna jiran duk wanda tsautsayi ya kawo. Don haka a cikin mota na yi masa karatu. Kada ya zauna a kujerar da aka miƙo masa. Kada ya tsaya wa mai hoto. Wanda ya tare hanya ya ce kuɗin shiga, a tambaye shi takarda. Mai kwalekwale zai ce yawo kyauta ne, sai an yi nisa ya faɗi kuɗin komowa, ga teku na hauka a wannan lokaci. Fiye da komai, kada ya shiga rumfar kowa.

"Na ji, Malam," ya ce. "Ba ni zama, ba ni shiga."

Da muka sauka kusan babu kowa a kan rairayin sai kwale-kwalen da aka kife da wasu rumfunan kaba can gefe, hayaƙi na fita daga wasunsu inda mata ke bandar kifi. Sama da teku sun haɗe sun zama launi ɗaya, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Na ga teku a wurare da dama, amma ban taɓa kallonsa da idon wanda ya baro rijiyoyi busassu ba sai ran nan. Tsohon ya yi ta tafiya a hankali har kumfa ta taɓa yatsunsa, ya tsaya.

"Ashe nan anka tara shi," ya ce a hankali. "Wa ad da ruwan ga duka?"

"Allah, Baba."

Sai ruwa ya sauko, irin na Kurmi, mai nauyi, babu iska babu gargaɗi. 'Yan tsirarun mutanen da ke nesa suka ruga neman mafaka. Na buɗe laima na matso kusa da shi, ya ture ta.

"Bar ni in jiƙe, Malam. Na mance yadda akan jiƙe."

Ya cire malfarsa, ya ɗaga fuska sama, ido rufe, ruwa na bin tsagen kumatunsa kamar yana bin kunyoyin gona. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a duk bakin tekun nan mutum ɗaya ne bai guje wa ruwa ba, kuma duk mai ido ya san daga inda irin wannan mutum ya fito. Da rigarsa ta jiƙe sai ya tuna da iri. Ya yi sauri ya cire igiyar daga wuya, zai cusa jakar cikin malfa.

"Kai, Bagobiri! Bawana! Wa ya ba ka izinin zuwa tekun ubangidanka?"

Wani mutum ne cikin rigar ruwa mai kyau, yana dariya, yana Hausar kasuwa. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa: kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, a ƙwace maka hula sai ka fansa, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Fuskar tsohon ta washe. Tun da muka zo Ikko ba wanda ya san ko shi wane ne sai yanzu.

"Ji ɗan banza! Yaushe bawa ya fara kiran ubangida nai bawa?"

"To ga harajina," in ji mutumin, ya fizge jakar. "Ka zo rumfata ka fansa." Ya juya ya nufi rumfunan da sauri.

Tsohon na ta dariya. Ni kuwa bayan mutumin nake kallo. Na sha ganin wannan wasa a kasuwar Ƙaura da ta Gusau. Taubashi in ya ƙwace maka hula, tsayawa yake a gabanka yana kaɗa ta, yana jiran baƙar maganarka, don daɗin abin a idon jama'a yake. Wannan ya ba mu baya, bai waiwayo ba.

"Baba, wannan ba wasa ba ne."

"Haba Malam, taubashina ne. In na yi hushi, har Gobir sai an yi mani dariya."

Muka bi shi. A bakin wata rumfa wasu ƙarti biyu na tsaye, na ji ɗaya ya ce wa ɗayan da Yarbanci a bar tsohon ya shiga, a tare mai laima. Na riƙe hannun Sarkin Noma, muka tsaya a fili. Na ɗaga murya da Yarbanci yadda matan banda za su ji, na yi gaisuwa irin tasu, na ce abin da ke cikin jakar nan ba kuɗi ba ne, irin shuka ne daga ƙasar da ake yunwa. Mutumin ya fito daga rumfar, amma bai yarda ba. Ya sa wuƙa ya farke jakar a gabanmu. Da ya ga gero sai ya yi tsaki, ya watsar da shi a kan jiƙaƙƙen rairayi.

Tsohon ya durƙusa cikin ruwan ya fara tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ni na san abin da shi ma ya sani: irin da ya sha ruwa da gishiri, in bai bushe a ranar ba, ko ya tsira a jaka ko ya ruɓe.

Sai wata tsohuwa ta fito daga rumfar banda, ɗaurin ƙirji, hannunta duk toka. Iya suke kiranta. Ta fuskanci mutumin ta wanke shi tas da Yarbanci. Ta ce wasan da kakanni suka bari shi ya mayar abin sata, ta kira sunan uwarsa da na unguwarsu, har shi da ƙartinsa suka sulale ta bayan rumfa. Sannan ta juyo, ta dubi tsagen tsohon, ta yi magana da Hausa garau. Ashe a Ƙaura ta girma, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne.

"Bagobiri, har yau wautar ba ta sake ku ba? Ka baro ƙasarku ka zo shuka cikin gishiri?"

Ya ɗago kai, fuskarsa sharkaf, ba ka sanin wanne ne ruwan sama.

"Baiwata, bar surutu. Zo ki taya ubangidanki tsince."

Ta ƙwala kira, mata suka fito da tire da rariya. Aka kwashe rairayin wurin gaba ɗaya, aka tace, aka ɗauraye geron da ruwan sama na cikin duro don gishiri ya fita. Muka shimfiɗa shi a kan zane can saman ragar banda, nesa da garwashi, don zafi mai yawa kashe iri yake. Aikina shi ne in riƙa sa hannu ina jin ɗumin, ina juyawa.

Nan muka wuni. Ruwa na dukan kaba, teku na numfashi a waje, hayaƙi na yawo a tsakaninmu. Tsohon ya jingina da ginshiƙi yana kallon igiyar ruwa ta ƙofar rumfa, idonsa rabi a rufe. Can ya ce, "Malam, ka ga yadda yake kwantawa yana tashi? Haka gonar kakana take in gero ya yi kai, iska ta biyo ta kansa." Na duba, kuma wallahi na ɗan lokaci ni ma gero na gani, har iyakar ido.

Da la'asar iri ya bushe, ko da yake ya ragu. Iya ta ɗinke jakar, ta haɗa masa da ƙunshin busasshen kifi. Muna shirin fita sai ta fizge malfar daga kansa, ta tsaya a gabansa tana kaɗa ta, mata na shewa.

"Fanshi abinka, bawa."

"Riƙe," ya ce. "Ajiya na ba ki. Baiwa ita ka tsaron kayan ubangida."

Bayan 'yan kwanaki aka samu sararawa, aka yi lodi, muka biyo motoci har Isa. Maigidana ya dubi tsohon sama da ƙasa ya ce, "Na ce ka maido shi yadda ka ɗauke shi. Ina malfarsa?"

Da damina ta dawo aka shuka irin a bayan gidan tsohon. Ba duka ya tsira ba, amma wanda ya tsira ya yi kai, aka raba wa maƙwabta. Mutanen wajen suka sa wa irin suna ɗan teku.

Abin da na koya a ranar, na kuma riƙa gaya wa duk ƙaramin ma'aikacin da za a tura rakiya, shi ne gargaɗin kujera da hoto da kwalekwale yana da amfani, amma ɗan damfara ba ya tsayawa a kan dabarun da ka haddace. Abin da mutuminka ya yi kewa yake nema, kuma wanda ya yi nisa da gida ba abin da yake kewa kamar a san shi. Don haka in baƙo ya zo da fara'a da harshenku, kada ku yi masa rowar fuska, amma ku tsaya a fili, ku duba ko zai iya tsayawa a gabanku cikin mutane.

Sarkin Noma bai sake sayen malfa ba. Na sha iske shi a gona da rawani kawai cikin rana, in na yi magana sai ya ce yana da malfa, tana Ikko wurin baiwarsa.