Baƙon da ya zo da zobe a ƙafa

Shekarun baya, tun kafin mulkin kai, lokacin da Gyadi-Gyadi take 'yar unguwa a bayan ganuwa, gonaki ne zalla tsakaninmu da Tarauni. Ina saurayi a lokacin. Wata safiya da kaka na je kwaso kara a gonarmu, sai na tarar da wani ƙaton tsuntsu yana jan fiffike. Kamar shamuwa yake, sai dai fari ne, baki da ƙafafu jajaye. A ƙafarsa ta dama kuma ga zobe yana walƙiya.

Gaskiya ba tausayi ya sa na rungumo shi ba. Na ɗauka azurfa ce.

Da na shigo da shi gida mahaifiyata ta yi salati. "Kai, wane irin kaya ka kwaso mana?" Abokina da muke noma tare ya leƙa ƙafar, ya ja da baya. "Tsuntsu da zobe? Wallahi wannan yana da masu shi, kuma ba mutane ba ne. Ko dai ka mayar, ko a yanka kowa ya huta." Kafin azahar maƙwabta sun cika zaure, rabinsu na goyon bayan wuƙa.

Allah ya sa ranar Asabar ce. Akwai wani akawu ɗan Kudu, Kirista, da ke zuwa duk Asabar a keke daga Sabon Gari sayen ƙwan zabi wurin mahaifiyata. Ya sa tabarau ya tsuguna, na riƙe masa bakin tsuntsun, ya karanta rubutun da ke jikin zoben. Sai ya fashe da dariya.

"Inna, wannan baƙo ne daga ƙasar Turawa. Can suka sa masa lamba don su san inda yake zuwa. Sanyi ne ya koro shi. Ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara."

Na ce, "To, zoben fa? Azurfa ce?"

"Ƙarfen banza ne, abokina."

Kowa ya sa dariya, ni kaɗai ne ban yi ba. Mahaifiyata ta juya wajen masu wuƙa ta ce, "Wanda ya sha wannan tafiya ya sauka a gonarmu, ba za a yanka shi a gidana ba. Ku watse."

Ita ta ɗaure fiffiken da tsinken kara da tsumma, ni kuma aka bar ni da ciyarwa. Ashe baƙon ba ya cin hatsi. Sai fara, sai kwaɗi. Ƙato da ni, kullum ina bakin kududdufi da ƙwarya ina farautar kwaɗo, 'yan mata masu ɗibar ruwa suna ƙyaƙyata mini. Sau biyu ya sare ni a hannu, tabon yana nan har yau. Abokina mai cewa a yanka, shi ya koma kawo masa ƙananan kifi daga Unguwa Uku.

Da zafi ya fara shigowa sai tsuntsun ya kasa zama. Yana zagaya tsakar gida, yana kaɗa baki ƙwas-ƙwas, yana duban sama. Wata hantsi muka ga 'yan'uwansa can ƙololuwa sun nufi arewa. Ya yi taku uku, ya buɗe fiffike, ya tashi. Ko waiwaye bai yi ba.

Na tsaya baki buɗe, idona ya ciko. Mahaifiyata ta ce, "Baƙo raɓa ne. Je ka wanke ƙwaryar."

A lokacin ko Wudil ban taɓa zuwa ba. Tsuntsun nan ne ya sa mini ƙaiƙayin tafiya, har na koyi tuƙin babbar mota, na yi shekaru a kan hanya. Yanzu na tsufa, gonakin duk sun zama gidaje. Amma in na zauna ina lissafa garuruwan da na taka, sai in yi murmushi: ban kai rabin inda ya kai ba, shi kuwa ko guzuri bai riƙe ba.