Ba Mu Cika Ba, In Ji Baba Barmo

Duk wanda ya taɓa zama a bencin cocinmu ya san ba Fasto ke buɗe sujada ba, Baba Barmo ne. Zai buga ƙararrawarsa, ya jingina sandar ƙarfen a gindin darbejiya, ya zo bakin ƙofa ya leƙo da kai, ya bi mutane da ido tun daga bencin dattawa har tabarmar yara. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ba mu cika ba." Ko coci ta cika har ana zama a taga, sai ya gano wanda babu. In Fasto ya gaji da kallon agogo, sai Baba ya ja tsaki ya ce, "To, a hwara da haƙuri." Ni dai tun ina yawo ba wando har ga shi gemuna ya yi fari, sau ɗaya tak na ji ya ce mun cika. Zan zo kansa, kada ku gaggauta ni.

Kun tuna ranar da babban baƙo ya zo mana daga Funtuwa? Matan zumunta sun yi anko, an share fili har an yayyafa ruwa. Baba ya leƙo ya ce, "Tanko babu."

Fasto Iliya ya matso ya raɗa masa, "Baba, baƙo na jira."

"Shi baƙo ai ya zo. Tanko ne bai zo ba."

Ya juya ya tafi. Muka yi waƙa, muka ƙara wata, har mai ganga ya fara hamma. Can sai ga Baba riƙe da hannun Tanko, takalmi ƙafa ɗaya, kumfar sabulu a bayan kunne. Daga wurin wanka ya ɗauko shi! Tanko, kada ka sunkuyar da kai, ina ganinka. Aka zaunar da shi daidai gaban baƙo. Fasto ya share gumi ya ce, "To Baba, yanzu mun cika?"

"Ina! Matarsa ta tsere mani ta bayan danga."

Ita kanta ƙararrawar, ga baƙin da ke cikinmu, tsohon ƙarfen tayar tirela ce da aka rataya a reshe. Ni Yakubu direba ne, na sha hanya: Legas, Fatakwal, Maraɗi, ba inda ban kai hatsi ba. Wata shekara na dawo na ce masa, "Baba, na ga ƙararrawa ta gaske a Anacha, mai ruwan zinariya. Bari in kawo mana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan Legas," haka yake kirana, "ƙarhen ga ya riga ka zuwa Legas. Ya je ya gani, ya dawo gida ya zamna. Ya hi ka hankali."

Daga nan ban ƙara tayar da maganar ba.

To, sai ga korona. Aka ce a rufe masallatai, a rufe coci, ba kasuwa, ba taro. Ni ma motata ta tsaya, na dawo ƙauye na zauna kamar ƙarfen Baba. Kun san yadda gidajenmu suke, wannan a bayan dutse, wancan a ƙetaren rafi, wasu har kusa da hanyar Ketare. In ba Lahadi ba, ba abin da ke haɗa mu wuri ɗaya. Na ce wa Fasto a Legas ta waya suke sujada yanzu, kowa na ɗakinsa yana saurare. Fasto ya yi murna, muka gwada. Tabɗi! Mai waya ba shi da caji, mai caji ba shi da sabis, sabis ɗin kuma sai a kan dutsen bayan gari. Fasto ya hau dutse da Littafi Mai Tsarki a hammata, ya yi wa'azi mai kyau, har da ɗaga hannu. Da ya sauko, Baba na jiransa a ƙasa.

"Fasto, wa ya ce amin?"

"Ban ji ba, Baba, waya na yankewa."

"Ni na ji. Ƙadangaru biyu sun gyaɗa kai."

Lahadin da ta biyo, da sassafe, sai muka ji ƙararrawa daga inda ba a saba jin ta ba. Ashe Baba ya kwance ƙarfen daga reshe, ya ɗaura wa jakinsa a gefe ɗaya, ya sa dutse a ɗaya gefen don kada kaya su karkace. Ya ce, "Tunda an hana mutane zuwa wurin ƙararrawa, ita ba a hana ta tahiya ba." Takunkumin fuska kuwa ya ƙi saye. Ya yanki buhun taki ya wanke, ya ɗinka da kansa, har rubutun buhun na nan a kan hancinsa. In ya yi magana a ciki, sai ka rantse daga rijiya yake.

Ga kuma karan dawa dogo a hannunsa. Ma'aikacin lafiya daga Ƙanƙara ya ce ba musabaha, a ba da tazara. Baba ya ce shi bai iya gaisuwa hannu na lilo ba. Sai ya miƙo maka karan, ka kama bakinsa, ya kama nasa, ku girgiza. In ka matso, da shi zai zungure ka a ciki. Bayan kowane gida sai ya karya guntun da aka taɓa ya yar. Kafin ya gama zagaye karan ya koma kamar cokali, sai ya zare wani daga dangar mutane.

A kowace ƙofa zai buga ƙarfe, mutanen gida su fito su tsaya daga zaure, ya faɗa masu ayar da Fasto ya ba shi, a yi waƙa baiti ɗaya, a yi addu'a. Sannan labari: matar wane ta sauka lafiya, wane na fama da ƙafa, a tuna da shi. Abin da ya ji a gidan nan shi zai kai gida na gaba. Da ya zo gidana na ce, "Baba, ai ka zama rediyo."

"Na hi rediyo. Ni ina jin abin da aka ce mani."

Amma akwai gidan da ya hana shi sukuni, gidan Inna Kande. Kun san ta, gwauruwar da ke zama a bencin baya kusa da taga. Ɗanta Bitrus ya dawo daga Kano da zazzaɓi da tari. Ma'aikacin lafiya ya ce ya killace kansa a ɗaki, shi ke nan abin da ya ce. Amma tsoro ya shiga mutane ya wuce maganar likita. In Inna Kande ta zo rijiya, mata su watse su bar gugansu. Mai niƙa ya ce injinsa ya lalace. Har bayan Bitrus ya fara miƙewa ba mai bin hanyar gidan. Ruwa ya sauka, ta lallaɓa ta yi shuka ita kaɗai, ciyawa ta taso ta rufe dawar, ba mai hannun noma. Abincin shekararsu kenan yana mutuwa a idonta.

Ranar da Baba ya buga mata ƙarfe, ina biye da shi don jakin ya fara gardama. Ta fito ta tsaya, ta ƙi kama karan.

"Baba, ka daina wahalar da jakinka. Da an buɗe hanya zan kwashe ɗana mu koma Damari wurin ƙanena. Ni ba ni da coci a nan."

"Kande, mi kike hwaɗi haka?"

"Coci da ke gudu in ta gan ni? Ka cire ni daga waɗanda kake nema da ido."

Ta shige ciki. Baba ya juya jakinsa. Muka yi tafiya har rafi. A nan ya tsaya ya ce, "Ɗan Legas, kai da ka san duniya. An hana noma?"

"Ba a hana ba, Baba."

"An hana waƙa a gona?"

"Ban ji ba."

"Yawwa."

Ya sake zagaye gidaje, wannan karon ba aya ya kai ba, gayya ya kira: ranar Asabar, gonar Inna Kande, kowa da fartanyarsa da kwanonsa, ba cin tuwo a akushi ɗaya. Wanda ya fara kame-kame, Baba ya ce masa, "Ba gidanta na ce ka shiga ba. Ko dawar ma tari take?" Tanko ya ce yana jin ciwon baya. Baba ya ce, "Zan biyo maka lokacin wanka." Tanko ne ya riga kowa zuwa.

Ku da kuka je kun gani, amma bari in faɗa don yaran da ba su da wayo lokacin. Baba ya jera mu, kowa a kan kunyarsa, kunyoyi biyu tsakanin mutum da mutum. Tazarar da likita ke ta fama da mu a kai, ashe gona ta daɗe da shata ta. Ya rataya ƙarfen a reshen ɗorawa, ya zama shi ne gangar noma. Fasto Iliya ya hau kan suri ya karanta Littafi da ƙarfi, wannan karon ba ƙadangaru ba, mutane suka amsa amin har daji ya ɗauka. Matan zumunta suka ja waƙa daga gefensu, maza suka karɓa, fartanyoyi na sauka tare da kiɗa. Na yi sujada a manyan majami'u masu fanka da lasifika, ban taɓa jin wadda ta shiga jikina kamar wannan ba.

Ana cikin haka sai ga mai unguwa, Alhaji Iro, a kan babur. Ya kashe ya ce, "Barmo, an ce mani kun buɗe coci a daji."

"Ranka shi daɗe, duba da kyau. Ka ga benci?"

"Ban gani ba."

"Ka ga mai zaman banza?"

Alhaji ya dubi layin mutane, ya dubi ciyawar da aka kwantar, ya ce, "Gonar Kande ce wannan?" Aka ce ita ce. Sai ya tuɓe babbar riga ya rataya a kan babur. "Ku ba ni fartanya. Mijinta ya taɓa fitar mani da saniya daga laka." Baba ya auna masa kunya da karansa, har da zungurinsa kaɗan don ya matso da yawa. Mai unguwa guda!

Rana ta take tsaka muka kai ƙarshen gona. Waƙa ta tsaya, kowa na share gumi, sai muka ga Inna Kande tsaye can bakin iyaka da tulu a kai. Bayanta ga Bitrus, ya rame kamar sillen kara, amma da ƙafarsa ya zo. Ba wanda ya gudu. Matar Tanko ce ta fara cewa, "Sannu, Inna," sai gaisuwa ta ɓarke ta ko'ina. Baba ya taka a hankali ya miƙa mata karan. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauke tulun, ta kama da hannu biyu, ta kasa sakewa.

Baba ya juyo ya bi mu da ido, kunya bayan kunya, yadda yake bin bencin coci. Kowa na jiran ya ji sunan wanda babu. Ya janye buhun taki daga bakinsa ya ce, "Mun cika."

Inna Kande ba ta koma Damari ba. Ga ta can a bencinta kusa da taga, Bitrus kuma shi ke buga mana ƙarfen yanzu. Wancan karan, ba a karya bakinsa ba. Yana soke a rufin ɗakinta har yau.

Da safen nan da zan shigo jana'izar Baba, na tsaya a bakin ƙofa na bi ku da ido, ban sani ba bakina ya faɗa: ba mu cika ba. Ya Ubangiji, ka ba bawanka Barmo hutu a wurinka. Mun san yana bakin ƙofa can yana leƙe, yana jiran kowannenmu. Ka riƙe mu, kada ko ɗaya ya ɓace a hanya, har ranar da zai dube mu ya sake faɗin abin da ya faɗa a gonar Kande. Cikin sunan Yesu. Amin.